Gangaren Bayan Inkil

Adda A'i ta turo keken har tsakiyar rumfar Mansir, ta sake shi. Ya kife a kan farantin kayan aiki, sifanu da notuna suka tarwatse cikin ƙasa. Ba ta yi sallama ba. Ta kwance bakin mayafinta, ta zaro feda guda ɗaya, ta ɗora a kan benci daf da kofin shayinsa.

"Ka san wannan?"

Mansir ya ɗago daga tayar da yake yi wa faci. Ya dubi fedar, ya dubi keken, sannan ya dube ta. Murmushin da ya fara shiryawa ya tsaya a hanya.

"Adda, ina kwana. Ai keken Malam Abdulhamid ne. Lafiya dai?"

"Da lafiya ce za ka gan ni nan da farar safiya, na bar teburina a kasuwa? Leƙa ramin da fedar ta fito, ka gaya mini abin da ka gani."

Bai leƙa ba. Ita ta durƙusa, ta sa farce cikin ramin sandar feda, ta jawo wani siririn yankin gwangwani da ya nannaɗe kamar ɓawon albasa, har da sauran rubutun madara a jikinsa. Tun asuba ta gan shi, ta bar shi a wurinsa don ta cire shi a gaban mai shi. Ta ɗaga shi sama yadda masu rumfunan kusa za su gani.

Abdulhamid ƙaninta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma a bayanta ya girma, don yana rarrafe mahaifiyarsu ta rasu. Malamin dabbobi ne. Tun da man fetur ya yi tashin gwauron zabo ya jingine babur ɗinsa a zaure, ya sayi keke ɗan gwanjo mai giya, irin mai kaurin tayar nan da ake hawan duwatsu da shi. Da shi yake zagaya rugagen bayan Inkil yana yi wa shanu allura. Jiya da yamma yana gangarowa daga kan dutse, ya miƙe a kan feda don ya kauce wa rami, fedar dama ta fice daga ƙarƙashin ƙafarsa. Wasu manoma masu cirar gyaɗa ne suka tsince shi. Muƙamuƙinsa ya karye, kafaɗar dama ta goce, haƙoran gaba sun zube. Su ne kuma suka kawo keken gida bayan sallar asuba, fedar na cikin jakar magani.

Ta gaya wa Mansir duk wannan ba tare da ta ɗaga murya ba, kamar mai karanto farashin barkono.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Mansir. Ya ajiye tayar. "Wallahi ban ji ba, Adda."

"Yanzu ka ji."

"Ki tsaya ki ji nawa. Haƙoran ramin nan sun riga sun cinye tun kafin ya kawo mini. Na ce masa aiki ne na wuni, sai an kai walda. Ya ce makiyaya na jiransa, cuta ta shiga garke. Shi ne na ɗan naɗa masa wannan don ya kama, na ce ya lallaɓa, kada ya hau dutse da shi."

"Ka ce masa?"

"Wallahi na ce."

"To ga shi can an ɗaure masa baki da waya, ko ruwa ba ya iya cewa. Ka samu wanda ba zai ƙaryata ka ba."

Ta ture kofin shayin gefe, ta zauna a kan bencin, ta gyara zaman mayafinta. Fedar a hannun dama, gwangwanin a hagu.

A kasuwar Wunti kowa ya san Adda A'i mai kayan yaji. Ba ta zagi, ba ta cacar baki, amma ba a taɓa jin ta ce ta bar wa Allah ba. Takan ce Allah ya ba ta baki da ƙafa, in ta mayar masa da aikin da ya ba ta kayan yinsa ta yi rashin kunya. Mansir ya san wannan, don a unguwa ɗaya ya tashi da Abdulhamid, ya sha cin tuwo a gidanta yana yaro. Shi ya sa bai ce ta tashi ba. Ya koma kan facinsa, hannunsa na kuskuren wurin da ya goge.

Na farko da ya zo wani dattijo ne da keken jikarsa, sarƙa ta zube. Kafin Mansir ya miƙe, Adda A'i ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi iyali, sannan ta nuna masa gwangwanin.

"Baba, da wannan ake gyara a nan. Mai keken can yana asibiti. Na ce in gaya maka, tunda yarinya ce za ta hau."

Dattijon ya juya gwangwanin a tafinsa, ya mayar mata, ya ce Allah ya ba shi lafiya. Ya ja kekensa zuwa rumfar gaba.

Haka ta yi wa na biyu, haka ta yi wa na uku. Ba ta ƙara gishiri, ba ta rage. Da hantsi ya yi, sai ga wata mota ta tsaya a bakin titin Gombe, kekuna masu sheƙi a ɗaure a bayanta. Ma'aikatan banki ne da ke fita motsa jiki duk Asabar, da hulunan kwano da matsattsun wanduna. Su ne manyan abokan cinikin Mansir, kuma su ne suka sa ya fi kowa a layin. Ya taso da sauri, ya tare su tun daga mota, yana ƙoƙarin ya sa bayansa tsakaninsu da bencin. Adda A'i ba ta tashi ba. Ta dai ɗaga fedar.

"'Yan samari, ku ma duwatsu kuke hawa, ko?"

Suka matso. Ɗaya ya ɗauki hoton gwangwanin da wayarsa, wani ya tsuguna ya leƙa ramin. Babbansu ya dubi Mansir ya ce, "Haba, Mansir. Haba." Ba su ma kwance kekunan ba.

Da motar ta tashi, Mansir ya jefar da sifanar hannunsa.

"Adda, me kike so? Ki faɗa. In magani ne, zan yi abin da zan iya. In keke ne, in gyara shi yau."

"Ina so ka zauna kamar yadda ya zauna."

"Ki ji tsoron Allah. Ina da iyali."

"Shi bishiya ce ta haife shi?"

Lucky mai shagon kayan keke, wanda tun ɗazu yake leƙe daga bayan kantarsa, ya fito yana goge hannu. Hausarsa ta kasuwa ce, ba ta ware mace da namiji.

"Mama, ka yi haƙuri. Mansir yana aiki mai kyau. Wannan kuskure ne. Amma kai ma Mansir, feda yana nan shago, sanda yana nan. Me ya sa ba ka zo ka ɗauka ba?"

"Lucky, shiga shagonka," in ji Mansir. Amma mutane sun riga sun ji, kuma sun fara taruwa. 'Yan acaɓa sun kashe injuna, mai rake ya tsayar da baronsa.

Wani ya je ya kirawo Alhaji Ɗanlarai, shugaban masu gyaran keke na layin. Tsoho ne mai furfura, yatsunsa sun kanannaɗe saboda shekarun ɗaurin sufok, siraran wayoyin nan na tayar keke. Ya saurari kowa, ya karɓi gwangwanin ya shinshina kamar mai duba nama, sannan ya yi ajiyar zuciya.

"Mansir, wannan ba aiki ba ne. Ko ka faɗa masa ko ba ka faɗa ba, abin da ba za ka hau ba ba ka ba wani ya hau. Hajiya, ke kuma ki yi haƙuri. Zai gyara keken nan tsaf, da yamma mu ɗunguma mu je mu duba mara lafiya, ya ba da haƙuri a gabanmu. Abin da ya faru ya riga ya faru."

"Alhaji, ka faɗi gaskiya ɗaya," ta ce. "Abin da ba zai hau ba. Shi nake son ji. Zai iya hawa aikin hannunsa ya gangaro inda ɗan'uwana ya gangaro?"

Wani ɗan acaɓa ya kwashe da dariya. "Ina! Ai ko a kan kwalta ba zai yarda ba."

Dariyar ta bi taron. Mansir ya tsaya, wuyansa ya kumbura, idanunsa sun kaɗa. Yana ganin masu rumfunan da ya ƙwace wa ciniki suna murmushi a ɓoye.

"Zan hau," ya ce. "Fedar nan da kike riƙe da ita, ita zan gyara, ba sabuwa ba. In mayar da ita, in hau, in gangaro dutsen a gaban kowa. In na sauka lafiya, ki tashi daga rumfata, kada ki sake ambaton sunana."

"Wannan ba sulhu ba ne, wasan yara ne," in ji Alhaji Ɗanlarai.

Adda A'i ta miƙa wa Mansir fedar.

Ya kife keken, tayu a sama. Ya kwance sandar feda ya kai wa mai walda, ya tsaya a kansa har aka cike ramin, aka sake huda shi, ya dawo ya yanka sababbin haƙora da hannunsa, yana juyawa kaɗan yana komawa baya, yana ɗiga baƙin mai. Sannan ya buɗe fedar. Ƙwayoyin boris ɗin da ke ciki sun zube a tafinsa, wasu sun fashe, wasu sun sirance kamar tsakin gero. Ya wanke cikin da kananzir, ya goge da tsumma mai tsabta, ya karɓo sababbin ƙwayoyi wurin Lucky, ya jera su ɗaya bayan ɗaya cikin giris. Ya ɗaure, ya juya kusa da kunnensa, bai gamsu ba, ya sassauta ya sake ɗaurewa. Ya kwance ta hagu ma, wadda ba a yi ƙararta ba, ya yi mata haka. Azahar ta zo ta wuce yana kai.

Adda A'i na kallon hannuwansa. Tun safe fushinta a sanyaye yake, kamar wuƙa a kube. Yanzu ne ya fara zafi. Hannuwan nan sun san aiki. Ba su yi gaggawa ba, ba su tsallake komai ba. Ta tuna Abdulhamid yana tsaye a wannan wurin, jakar magani a kafaɗa, yana ce wa Mansir ya gode.

"Ashe ka iya," ta ce.

Ya ci gaba da ɗaure fedar.

"Ina gwangwanin? Ba ka sa ba. Ko an manta?"

Taron ya sake dariya, amma wannan karon ba ta yi mata daɗi ba. Ta ga inda abin zai ƙare. Zai gangaro lafiya, 'yan acaɓa su yi masa tafi, a ce ai Mansir gwani ne, tsautsayi ne ya faɗa wa malamin dabbobi. Ranar Asabar mai zuwa motar banki ta dawo. Ita ce ma da bakinta ta buɗe masa hanyar wanke kansa.

Ya miƙar da tayar gaba da ta lanƙwashe, ya ɗaure sufok, ya daidaita kan keken. Ya hau ya kewaya bishiyar darbejiya, ya matsa birki, ya kama. Ya sauko ya ce, "Mu je."

A-kori-kurar wani mai dakon siminti aka samu. Aka ɗora keken a baya, Mansir ya zauna kusa da shi yana riƙe da sirdi, ita da Alhaji Ɗanlarai suka shiga gaba. 'Yan acaɓa suka biyo su kamar masu rakiyar amarya. Tsohon bai daina magana ba har suka bar kwalta a Inkil suka shiga burji.

"Hajiya, ni don kada a yi ɓarna na biyo ku. Ki ce kin yafe, mu juya."

"Shi ya ce zai hau, Alhaji. Ni ban ɗora shi ba."

Motar ta tsaya a gindin dutsen, suka hau da ƙafa. Damina ta zo ƙarshe, ciyawa ta fara ja, gonakin gyaɗa sun shimfiɗu a ƙasa, an tara cirarru tsibi-tsibi. Hanyar siririya ce, ta shanu da masu itace, tsakuwa da marmara, ta miƙe tsaye daga sama sannan ta karya kwana a ƙasa kusa da wani kwari. A daidai kwanar wani manomi ya nuna musu inda aka tsinci Abdulhamid. An watsa ƙasa a wurin, amma ƙudaje sun san abin da ke ƙarƙashi. Adda A'i ta tsaya ta duba, sannan ta ci gaba da hawa, tana dafa gwiwa.

Suna kaiwa sama aka ji kiran la'asar daga ƙauye. Alhaji Ɗanlarai ya ce a fara ba Allah nasa. Maza suka nufi wani kwarmin dutse da ruwan sama ya kwanta don alwala. Keken ba shi da abin jinginawa, Mansir kuma ba ya son ya kwantar da shi yashi ya shiga sabon giris. Sai ya turo wa Adda A'i.

"Adda, riƙe mini."

Ta riƙe. Ta ce za ta yi tata in sun idar.

Sun tayar da salla ke nan wayarta ta yi ƙara. Salma ce, matar Abdulhamid, daga asibiti. Muryarta ta dushe.

"Adda, babban likita ya zo. Ya ce muƙamuƙi zai haɗe. Amma hannun... ya soka masa allura a yatsu, bai ji ba. Ya ce jijiya ce ta taɓu a kafaɗa. Wai sai an jira a gani, amma kada mu sa rai da yawa."

"Hannun dama?"

"Shi, Adda."

"Ya ji abin da likitan ya ce?"

"Yana kallonmu. Ya juya fuska bango."

Ta kashe wayar ta mayar cikin jaka. Hannun da yake kama ƙahon bijimi da shi, yake laluben jijiyar wuya, yake soka allura. Hannun da ta koya wa riƙe cokali. Ba ta san lokacin da yatsunta suka damƙe kan keken ba, har da maƙallan birki, ta matse da duk ƙarfin da ke jikinta. Sai ta ji wani ɗan ƙas a ƙarƙashin tafinta, maƙallin dama ya tafi har ya taɓa robar kan keken, babu abin da ya tare shi.

Ta sake. Ta sake matsawa a hankali. Ya tafi fayau, kamar haƙori mai girgiɗi. Ta sunkuya ta bi wayar da ido har zuwa tayar baya. A can, inda wayar ta shiga ƙarfe, ta ga silin da suka tsinke, wasu sun yi tsatsa da daɗewa, wasu faɗuwar jiya ta cinye su, na ƙarshe kuma farare tas, yanzu suka rabu. Wayar ba ta fita daga mazauninta ba. Wanda bai sunkuya ba ba zai gani ba.

Ta miƙe. Maza na ruku'u. Tana ganin bayan Mansir a sahu, rigarsa da tabon mai, tafin ƙafarsa ya tsattsage. Ta san shi tun yana yawo ba wando. Ta san uwarsa. Kalma biyu ce kawai, ta sani: duba birki. Ta juya ta dubi gangaren, har zuwa kwanar da ƙudaje suke.

Aka yi sallama, aka shafa. Mansir ya zo yana naɗe ƙafar wandonsa, ya karɓi keken.

"Na gode, Adda."

Ya tsuguna ya girgiza fedar dama, ya girgiza ta hagu, ya juya su baya suka yi ta juyawa babu ƙara. Ya dubi taron don su shaida. Alhaji Ɗanlarai ya ce, "Mansir, har yanzu kana iya fasawa. Ba wanda zai ce ka ji tsoro."

"Za su ce, Alhaji."

Adda A'i ta wuce ta gabansa ba ta dube shi ba. Ta je kwarmin ta yi alwala, ta shimfiɗa ɗankwalin da ke jakarta a kan dutse, ta ba gangaren baya. Ta ji lokacin da ya ce bismillah, ta ji tsakuwa ta fara ƙara a ƙarƙashin taya. Ta ɗaga hannu ta yi kabbara.

Tana cikin Fatiha 'yan acaɓa suka fara ihu na murna. Ihun ya yi sama, sannan ya canza. Wani ya ce, "Birki! Kama birki!" Sai wata ƙara daga ƙasa, ƙarfe a kan dutse, da wata bayanta wadda ba ta ƙarfe ba. Ƙafafu suka ruga suka bar ta ita kaɗai a sama. Ta yi ruku'u, ta yi sujada. Ba ta gaggauta ba, ba ta kuma iya tuna surar da ta karanta ba. Ta sallame, ta naɗe ɗankwalin, ta gangara a hankali tana dafa duwatsu.

Da birkin baya ya ƙi, Mansir ya damƙe na gaba, keken ya tsaya cak ya wurga shi ta sama. Ya tare ƙasa da hannu biyu. Yana kwance a bakin kwarin, fuskarsa ta goge da tsakuwa, wuyan hannunsa na dama ya karkace inda bai kamata ba, na hagu ya fara kumbura. Yana nishi yana kiran sunan Allah. Alhaji Ɗanlarai ya ɗaga keken, ya taka feda, ya matsa birki, ya sunkuya.

"Feda lafiya lau," ya ce. "Ko motsi ba ta yi ba. Waya ce ta tsinke."

"Ikon Allah," in ji manomin. "Wurin nan dai akwai abin da ke cikinsa."

Ba wanda ya dube ta. Aka kwantar da Mansir a bayan a-kori-kura, inda keken ya zauna ɗazu.

Ta biya gida ta dama kunun gyaɗa, ta tace shi sosai yadda zai bi ta tsinken roba, ta cika fulas. Bayan magariba ta isa asibiti. Ba a samu gado a ɗakin masu karaya ba, don haka Abdulhamid na nan a ɗakin gaggawa inda ta bar shi, kansa naɗe da bandeji, hannun dama a kwance kan ƙirjinsa kamar ba nasa ba. A gadon da ke kusa da shi, wanda babu kowa jiya da dare, Mansir ne, hannu biyu a ɗaure har gwiwa.

Salma ta taso ta karɓi jakar, ta yi ƙasa da murya.

"Ɗazu aka kawo shi. Matarsa na Darazo wurin haihuwa, an buga wa yayansa, sai gobe zai iso. Alhajin da ya kawo shi ya je neman magani. Shi Mansir ɗin tun safe bai ci komai ba, Adda."

Adda A'i ta zaro fulas daga jakar. Ta zauna a bakin gadon ƙaninta, ta zuba kunu a kofi, ta fifita, ta sa masa tsinken ta gefen baki inda haƙoran suka zube. Ya ja kaɗan, ya tsaya. Idanunsa na kanta. Tun yana yaro haka yake kallonta in ya san ta je wani wuri a kansa. Ya ɗaga hannun hagu, ya nuna fulas, ya nuna gadon kusa.

"Sha naka," ta ce.

Ya kawar da baki daga tsinken. Ya sake nunawa.

Ta ajiye kofin. Sannan ta tashi, ta ɗauki murfin fulas ta cika shi, ta zagaya. Mansir ya yi ƙoƙarin tashi zaune, ya kasa, Salma ta sa masa matashi. Leɓensa ya fashe, ido ɗaya ya rufe.

"Adda," ya ce, "ki yafe ni. Na duba komai, wallahi na duba. Na matsa a rumfa ya kama. Ban bi wayar da ido ba. Ni na ja wa kaina." Ya dubi hannuwansa. "Likita ya ce zan daɗe ban riƙe sifana ba."

"Allah ya sawwaƙe," ta ce.

Ya juya kai wajen ɗaya gadon da ƙyar.

"Malam Abdulhamid, abu ɗaya nake roƙo. Ba sai ka yi magana ba, ko da kai ne ka amsa, Adda ta gani. Ranar nan da ka zo kana sauri, don Allah, ban ce maka ka..."

Ta matsa taku ɗaya, ta tsaya tsakanin gadajen biyu, faɗin mayafinta ya rufe fuskar ƙaninta. Ta tallafi ƙeyar Mansir da hannun hagu, ta kai murfin bakinsa.

"Sha, Mansir. In ya huce ba ya shayuwa."

Ya buɗe baki don ya ƙarasa, kunun ya riga shi. Ya haɗiye, ya sake haɗiyewa. A bayanta ta ji gado ya ɗan motsa, kamar mai neman ya leƙo. Ba ta waiwaya ba, ba ta kuma janye hannunta ba sai da ya shanye.